Kafin Ka Ƙara Kare, Maharbi, Sayi Takalmi

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wata motar 'yan farauta ta tsaya shan mai a bakin titinmu. Buɗaɗɗiya ce, cike maƙil da mutane da karnuka, ana kiɗa ana kirari. Riguna sun sha layu, kowa da gorarsa ko addarsa, wasu da adaka a kafaɗa. Karnukan sai sheƙi suke yi, da gani ka san ba a yi musu rowar abinci. Da mutanen suka diddiro shan ruwa, sai idona ya sauka a ƙafafunsu. Silifas, takalmin taya, kambas da babban yatsa ya leƙo waje. Mutum ɗaya na gani da but, shi ma irin na ma'aikatan kamfani ne mai ƙarfe a baki, yana ta jan ƙafa tun ba a shiga dawa ba.

Abin ya ɓata min rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina, cikin kayan farauta duka babu wanda ya kai takalmi muhimmanci, kuma babu wanda muka raina kamarsa. Mai bin zomo da kurege da gafiya da fakara, da ƙafarsa yake farauta. Bindiga ko gora aikin daƙiƙa ɗaya suke yi, ƙafa kuwa tun hantsi take aiki har faɗuwar rana. Duk wanda ke da halin ciyar da karnuka uku yana da halin sayen takalmin kirki, sai dai in bai ga dama ba.

Amma kada a ɗauka ina nufin kowa ya je ya jibgo ƙaton but irin na faretin soja. Wannan ma wata ɓarnar ce, zan zo kanta.

Abin da ke jiran ƙafa a dawa

Farautarmu ta rani ce, bayan an kwashe amfanin gona. A lokacin ƙasa cike take da tushiyar karan dawa da gero da aka sare a karkace, kowace da tsininta. Ga ƙarangiya mai manne wa fata, ga tsidau da ke kwance yana jiran tafin ƙafa, ga ƙayar aduwa wadda ke huda soson silifas ta fito ta sama ba tare da ta lanƙwasa ba. Inda aka saka wa daji wuta, al'adar da ni ban goyi bayanta ba amma ana yi, toka kan yi sanyi a sama alhali ƙarƙashinta garwashi ne. Roba in ta taka wurin narkewa take yi ta liƙe a fata.

Duk waɗannan ciwo ne na kwana biyu. Babbar maganar ita ce maciji.

Wanda ya taɓa zuwa Kaltungo a jihar Gombe ya san akwai asibiti sukutum da aka ware don saran maciji kawai. A Zamko ma, ta wajen Langtang a jihar Filato, akwai cibiyar da ta yi suna kan haka. Macijin da ya fi cika gadajen nan shi ne kububuwa. Ba ta da girma, sau da yawa ba ta kai tsawon hannun mutum ba, launinta kuma ya saje da busasshiyar ƙasa da ganye. Ba ta cika gudu ba in ta ji sawu, sai ta naɗe ta jira. Dafinta yana hana jini daskarewa, har ka ga dasashi yana zubar da jini, tsohon miki ya buɗe, wani ma jinin ya zuba a cikin kai. Kuma mafi yawan saran a ƙafa ne da idon sawu, daidai inda silifas ya bari a buɗe.

Maganin da ke aiki a kanta, irin su EchiTAB, daga waje ake kawo shi, wani daga Birtaniya wani daga Kosta Rika, kuma ba kullum ake samunsa ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ta kuma ƙiyasta cewa yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 duk shekara a duniya. Cikin shawarwarin da take bai wa manoma da masu shiga daji, rufaffen takalmi yana sahun gaba. Ba a buƙatar firiji don ajiye shi, ba a jiran jirgi ya kawo shi.

Ban ce takalmi garkuwa ce da ba ta hudawa ba. Macijiyar nan da ake kira kasa tana da dogayen haƙora, tana iya ratsa fata mai laushi. Amma fata mai kauri da ta rufe idon sawu, da wando mai kauri da ya sauko kanta, suna mayar da sara da yawa su zama ƙarzanewa kawai.

"Kakanninmu da me suka shiga daji?"

Wannan ce amsar farko da za ka ji. Gaskiya ne, da yawansu ba takalmi suka yi farauta, wasu da na fatar shanu mai maɗauri. Sai dai mutumin da tun yana rarrafe bai san takalmi ba, tafin ƙafarsa ya yi kantar da ƙaya ke karyewa a kai. Matashin yau da ke aikin tela ko acaɓa duk mako, sai ranar Asabar ya hau motar farauta, ba shi da wannan ƙafar. Ta birni ce, ko da a ƙauye yake kwana.

Sannan muna jin labarin waɗanda suka tsufa suka ba da labari ne. Wanda kububuwa ta sara yana ɗan shekara ashirin bai bar kirari ba.

Kuma ai ba mu ƙi sabon abu a farauta ba. Kakan da ake kafa hujja da shi bai hau mota zuwa daji ba, bai ɗaura fitilar goshi ba, bai kira abokinsa a waya ya ce ga inda zomo ya ɓulla ba. Duk mun karɓa hannu bibbiyu. Sai a kan takalmi ne gargajiya ke tashi?

"Ni na sha magani"

Ba zan ja dogon zance a nan ba, don na san wurin da taushi. Kowa da abin da ya gada. Abin da zan ce kawai, a tambayi ma'aikatan jinya a wuraren da na ambata ko masu layu ba sa zuwa. Kuma ko mun yarda da maganin maciji, ban taɓa jin wanda ya ce yana da maganin tushiyar kara ko na targaɗe ba. Mai laya ya riƙe layarsa, ya ɗaura takalminsa.

"But yana hana gudu, ga zafi"

Wannan ƙorafin shi ne mai nauyi, kuma masu yin sa suna da rabin gaskiya. Farautar karnuka ta gudu ce. In kare ya tashi zomo, wanda ya riga isa shi ne da nama, in kuwa an yi gardama a kai kowa ya san yadda take ƙarewa. Ba wanda zai yarda a ɗaura masa dutse a ƙafa.

Matsalar ita ce yawancin waɗanda suka gwada but suka tsane shi, wanda bai dace ba suka gwada. Kusan kullum ɗaya daga cikin ukun nan ne.

Na farko shi ne na ma'aikatan gini da kamfani mai ƙarfe a baki. An yi shi ne don kada bulo ya faɗo wa mutum a yatsa yana tsaye a wuri ɗaya. Ba ya lanƙwasa, ƙarfen yana ɗaukar zafin rana, in kana gangarowa daga dutse kuma farcenka ne zai riƙa dukansa har ya yi baƙi ya fita. Binciken da sojojin Amurka suka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mai tafiya kusan ninki biyar na irin wannan nauyin in a baya aka goya shi. Wato rabin kilo na banza a takalmi ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai wuni yana tafe.

Na biyu shi ne takalmin ruwa na roba. A fadama ko gonar shinkafa ba shi da na biyu, kuma yana kare maciji daidai gwargwado. Amma a rani gumi ne zai taru a ciki, ƙafa tana yawo, diddige yana gogawa, kafin azahar bororo ya tashi. Ba ya riƙe idon sawu ko kaɗan.

Na uku ya fi yaudara, don shi kam na farauta ne na gaske, amma farautar wata ƙasa. Cikin dilar gwanjo za ka tarar da kyakkyawan but mai zanen ganye, ka duba harshensa ka ga an rubuta Thinsulate, da lamba 400 ko 800 ko fiye. Wannan lambar nauyin abin ɗumin da aka cusa a ciki take nunawa. An yi shi ne don mutumin da zai zauna cikin dusar ƙanƙara yana dakon barewa. Ka saka shi a watan Maris a dajin Bauchi, za ka cire shi da kanka ka rataya a wuya. Haka masu tambarin Gore-Tex, waɗanda ke da shimfiɗar hana ruwa shiga. Suna da amfani in raɓa ko ruwan sama ne damuwarka, amma a rani zafi kawai suke ƙarawa, ruwa kuma in ya shiga ta sama ba ya fita da wuri.

Su kansu Turawan sun raba abin. Masu farautar tsuntsayen ƙasa dangin fakara a Amurka, waɗanda ke wuni suna bin kare cikin ciyawa, takalminsu daban ne da na masu zaman dako. Mara nauyi ne, mai lanƙwasa, tsayinsa wajen santimita 20, ƙasansa ba mai zurfin haƙora ba don kada ya riƙa kwasar laka. Tafiyarsu ta fi kama da tamu, don haka in gwanjon za ka bi, irin nasu za ka nema.

To wane iri?

Tsayi tukuna. Ya wuce idon sawu da kamar faɗin yatsu huɗu. Ƙasa da haka tsakuwa da ƙarangiya za su riƙa faɗawa ciki, sama da haka kuma ya fara hana ƙwauri sakewa. Wanda ke shiga wurin da maciji ya yi yawa, ya ƙara da naɗin ƙwauri na fata ko tamfol, irin wanda sojoji ke yi a zamanin da. Kowane baduku zai ɗinka maka shi.

Harshen takalmin ya zama a ɗinke yake da jikinsa ta gefe biyu har sama. Mutane ba sa duba wannan, alhali ta nan ne ƙaya da yashi ke shiga.

Jikinsa fata ya fi, kuma gwargwadon ƙarancin ɗinki gwargwadon ƙarko, don a ɗinki takalmi ke fara mutuwa. Masu haɗin fata da yadi mai kauri, irin wanda sojoji ke sawa a hamada, sun fi shan iska kuma sun fi sauƙi, sai dai ƙayar aduwa tana ratsa yadin. In dajinka jigawa ne mai ciyawa, sun isa. In sarƙaƙiya ce da duwatsu, fata zalla.

Sai ƙasan takalmin, inda nan ne ake cin kuɗin mutane. Ka juya shi ka duba ko ɗinke yake da jikin ko gam kawai aka sa. Mai ɗinki, in ya cinye, shumeka zai cire ya sa maka wani, har na taya. Mai gam, zafin ƙasarmu kan sa ya buɗe baki, kuma gyaransa ba ya daɗewa. In ka ga ɗan tambarin nan rawaya da aka rubuta Vibram, na wani kamfanin Italiya da ya fara yin ƙasan takalmin hawan dutse tun 1937, to robar mai kyau ce, in ba jabu ba ne.

Akwai wata cuta ta takalman gwanjo da ya kamata kowa ya sani. Da yawansu tsakanin tafin da jikin akwai wani soso mai tauri da ke shan danshin iska a hankali yana ruɓewa, musamman in an daɗe ba a saka ba. Daga waje takalmin sabo fil, ko ƙura babu. Na ga wani maƙwabcinmu ya sayo irinsa yana ta yabon sa'arsa. Fitarsa ta farko, tun ba a yi nisa ba ƙasan ya fara zubar da gari baƙi, can sai tafin ɗungurungum ya rabu ya zauna a kan hanya, ya dawo da igiya ɗaure a ƙafa. Gwajin ba wuya. Ka danna farcenka da ƙarfi a gefen soson, ka lanƙwasa takalmin biyu, ka murɗa shi. In ka ga tsagewa ƙanana, ko ya yi danƙo, ko gari ya biyo farcen, ajiye musu kayansu ko nawa suka rage maka. Abin mamaki, a gwanjo wanda aka ɗan taka ya fi wanda ba a taɓa sawa ba aminci.

Game da awo, kada ka aiki yaro da lamba. Lambar Ingila daban, ta Amurka daban, ta sauran Turai daban, kuma ƙafar da ta girma cikin silifas ta fi faɗi a gaba fiye da wadda aka yi wa yawancin takalman nan. Ka je da kanka da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka riƙa sawa. Ka ɗaure igiya tamau. Ya zama akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin, diddige kuma ya zauna daram ba ya ɗagawa. Ka doki ƙasa da bakinsa, in yatsa ya taɓa gaba to ya yi kaɗan. Mai kaya zai ce, "Alhaji, ai zai buɗe." Fata tana buɗewa a faɗi, ba ta ƙara tsawo.

Safa kuma ba ado ba ce. Mai kauri, wadda ba ta riƙe gumi, kuma a saka ta biyu a burgame don canzawa da rana. Rabin bororon da ake ɗora wa takalmi laifin jiƙaƙƙiyar safa ne. Sabon takalmi kuma ba a fara shi ranar fita. Ka yi ta zuwa kasuwa da gona da shi har ya san ƙafarka. In an dawo a goge ƙura, a shafa masa man kaɗe kaɗan, in ya jiƙe a bar shi ya bushe a inuwa, kada a kara shi a wuta. In an kwana a daji, a kaɗe shi da safe kafin a zura ƙafa, don kunama tana son wurin.

"Ina kuɗin?"

Na san halin da ake ciki, kuma ba zan raina wannan tambayar ba. Akwai wanda farautar ce cefanen gidansa, ba nishaɗi ba. Amma shi ne ma ya fi buƙata, don in ƙafarsa ta kwanta gidan ne ya kwanta. A lissafa silifas nawa ke tsinkewa a rani ɗaya, a haɗa da kuɗin allurar da ake yi in ƙaya ta yi ruwa, da kwanakin da aka yi ba fita. Ba a ma zo kan kuɗin motar kai mutum asibitin maciji cikin dare ba. Araha dai ba ta ado.

Wanda bai da halin but ɗin, ko kambas mai tsayi da naɗin ƙwauri ya fi silifas nesa ba kusa ba. Kuma ƙungiyoyin mafarauta da ke iya tara kuɗin mota da na makaɗa, suna iya yin adashen takalmi. Sarkin Dawa ko Sarkin Baka da ya isa ya ce yau ba a shiga daji kaza, ya isa ya ce ba mai hawa motarsa da silifas. Hukumomin da ke gayyatar mafarauta su taya su aikin tsaro su ma su duba. Ana raba riguna da huluna don su ne ke fitowa a hoto.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne, bai kamata mu dogara da gwanjo ba tun farko. Kano tana da masana'antun jima a Sharaɗa da Challawa da Bompai, fatarmu ana fita da ita Italiya da Sifen ana yin takalma masu tsada. Dukawanmu suna ɗinka dogayen takalman mahaya dawaki na hawan sallah, ga masu takalma a Ƙofar Wambai, ga Naraguta a Jos, ga Ariaria a Aba inda ake yin takalmi kamar ba gobe. A Bulawayo ta Zimbabuwe akwai kamfanin Courteney da ke ɗinka takalmin daji na fata mai ƙasa irin zanen taya, mafarauta daga ƙasashen duniya suna saye da tsada. Fata a sama, taya a ƙasa, ɗinki a tsakani. Wanne ne babu a nan?

Za a ce na gida ba ya ƙarko. Sau da yawa haka ne, saboda takalmin biki muke ɗinkawa, na ado, kuma ba wanda ya taɓa zuwa wa baduku da buƙatar daji. Shi kansa sanannen takalmin farautar nan na Amurka, na L.L. Bean, da aka fara sayar da shi a 1912, cikin ɗari na farko casa'in aka dawo da su saboda robar ta rabu da fatar. Mai shi ya mayar wa mutane kuɗinsu, ya gyara ɗinkin, har yau ana yin sa.

Abin da ake buƙata a nan bai wuce ƙungiya ɗaya ta mafarauta ta zauna da baduku ɗaya ƙwararre ba. A ce masa fatar shanu mai kauri, ba ta akuya ba. Gaba mai faɗi. Harshe a ɗinke har sama. Ƙasa na taya amma a fere shi ya yi sirara don ya lanƙwasa, a ɗinke shi da zare mai ƙarfi, kada a buga ƙusa. A ɗinka ƙafa goma, a ba waɗanda suka fi kowa gudu su shiga da su daji rani guda, sannan a dawo masa da su ya ga inda suka yage.